ƘAFAR DA TA ƘI KWANCIYA: LACCA A KAN BARCIN MASU AMOSANIN GAƁOƁI

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Ita kuwa lafiya tana da ginshiƙai da take tsaye a kansu, barci yana cikin manyansu. Masana sun daidaita a kan cewa baligi yana bukatar barcin sa'a 7 ko fiye a kowane dare, domin jikinsa ya huta, ƙwaƙwalwarsa kuma ta wartsake. Maƙasudin wannan lacca shi ne a jawo hankalin jama'a ga wani rukuni na mutanen ƙasar nan waɗanda barci yake yi wa wuyar samu, watau masu fama da amosanin gaɓoɓi mai kumburi, da kuma wata larura ta biyu wadda takan ɓuya a bayan ta farko, har mai ita da danginsa, wani lokaci ma da ma'aikacin lafiya, su kasa gane ta.

Abin da aka saba gani shi ne, idan mai ciwon gaɓoɓi ya kwana bai runtsa ba, sai a ɗora laifin duka a kan gaɓoɓin. Da gari ya waye sai a aiki yaro kantin magani ya ƙaro ƙwayar kashe zafi. Alhali kuwa sau da yawa abin da ya hana shi barcin yana cikin naman ƙafarsa, yana da sunansa daban, da dalilinsa daban, da maganinsa daban, kuma ƙwayar da aka ƙaro ɗin tana iya zama cikin abubuwan da suke ƙara rura shi.

AMOSANIN GAƁOƁI IRI-IRI NE

Da farko ya kamata a san cewa ciwon gaɓoɓi ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda tsufa da aikin ƙarfi suke kawowa, inda guringuntsin gaɓa yake zaizayewa a hankali, galibi a gwiwa ko a ƙugu. Akwai kuma wanda wannan lacca ta shafa, wanda a cikinsa garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa, gaɓar ta kumbura, ta yi ɗumi, ta riƙa zogi.

Mafi shahara cikin irin wannan shi ne wanda likitoci suke kira rumatoyid. Yakan kama ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu da na ƙafa, dama da hagu a tare, mai shi kuma yakan tashi da safe gaɓoɓinsa a sandare har tsawon sa'a guda ko fiye kafin su saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne suke da shi a duniya, kimanin kashi 70 cikin 100 kuwa mata ne. Akwai wani iri mai kama ƙashin baya da ƙugu, yawanci na samari, da wani mai tafiya tare da wata cutar fata mai ɓamɓaroki.

A dā an ɗauka wannan ciwo bai faye samuwa a ƙasar nan ba. Binciken da Dokta Brian Greenwood ya yi a Ibadan, wanda aka buga a shekarar 1969, ya nuna masu shi kaɗan ne, kuma bai cika tsananta musu ba. Amma a shekarar 2010 likitoci suka buga rahoton marasa lafiya 200 da aka gani da shi a asibiti ɗaya tak a birnin Ikko, mafi yawansu mata. Saboda haka ciwo ne da yake cikin gidajen jama'ar Nijeriya, ko da yake da yawa sukan kira shi sanyin ƙashi su yi ta jinyarsa a gida.

LARURAR RASHIN NATSUWAR ƘAFA

Larura ta biyu ita ce wadda ake kira rashin natsuwar ƙafa. Ba sabuwar aba ba ce. Wani likitan Ingila mai suna Thomas Willis ya bayyana ta tun a shekarar 1672, sa'an nan a shekarar 1945 wani likitan jijiyoyi na ƙasar Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya yi mata cikakken nazari ya raɗa mata sunan da aka san ta da shi. Shi ya sa wasu littattafan likita suke kiran ta da sunan mutanen nan biyu.

Ana gane ta da alamomi huɗu, kuma lalle ne su haɗu duka. Ta farko, mutum ya ji wata matsananciyar bukata ta motsa ƙafafunsa, galibi tare da wani abu marar daɗi can cikin sha-raɓa ko ƙwauri. Masu ita sukan sha wuya wajen kwatanta shi: wani ya ce kamar kiyashi suna yawo a cikin ɓargonsa, wani ya ce kamar ana jan jijiyarsa da zare, wani kuwa ya ce ƙaiƙayi ne a wurin da farce ba ya kaiwa. Ta biyu, abin yakan taso ne sa'ad da mutum ya zauna ko ya kwanta. Ta uku, da zarar ya motsa ƙafar, ko ya miƙe ya taka, sai ya ji sauƙi, da ya koma shimfiɗa kuma abin ya dawo. Ta huɗu, ya fi tsananta daga magariba zuwa tsakar dare, ya lafa wajen wayewar gari. Bayan waɗannan, aikin likita ne ya tabbatar babu wata cuta dabam da ta kawo alamomin.

Har wa yau, kimanin mutum 8 cikin 10 na masu wannan larura ƙafafunsu sukan riƙa zabura a cikin barci, kamar bayan kowace daƙiƙa 20 zuwa 40, ba tare da saninsu ba. Kowace zabura tana iya katse barcin ko da mutum bai farka sosai ba. Shi mai abin yakan ce ya yi barci amma ya tashi a gajiye, wanda suke shimfiɗa ɗaya da shi kuwa shi ne yake da labarin shure-shuren.

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa akan sami larurar ga mutum 5 zuwa 10 cikin kowane baligi 100, kuma mata sun ninka maza wajen kamuwa da ita. Takan bi jini a wasu gidaje. Takan kuma taso wa mata masu juna biyu, musamman a watanni uku na ƙarshe, da masu ciwon ƙoda mai tsanani, da masu ƙarancin jini.

YADDA AKE RARRABE SU

A nan ne ruɗani yake shigowa, domin shi ma amosani mai kumburi yakan yi sauƙi idan an motsa jiki, kuma shi ma yakan hana barci. Duk da haka akwai hanyoyi huɗu na rarrabewa waɗanda ba su bukatar wata na'ura.

Hanya ta farko ita ce wuri. Mai ciwon gaɓa yana iya ɗora yatsa a kan gwiwa ko idon sawu ya ce ga inda yake ciwo, a taɓa a ji ɗumi, a duba a ga kumburi. Mai rashin natsuwar ƙafa kuwa sai dai ya shafa tsakanin gwiwa da idon sawu, a duba ba a ga komai ba.

Hanya ta biyu ita ce lokaci. Kumburin gaɓa ya fi cin mutum a ƙarshen dare da asuba, shi ne yake tashi a sandare. Rashin natsuwar ƙafa kuwa a farkon dare yake aikinsa, ya hana mutum kama barcin tun daga fari, da asuba ma yakan sake shi.

Hanya ta uku ita ce yadda sauƙin yake zuwa. Sandararriyar gaɓa a hankali take saki, kuma takun farko da ciwo ake yin sa. Ita kuwa ƙafa marar natsuwa tun takun farko take lafawa.

Hanya ta huɗu ita ce abin da jiki yake nema. Mai ciwon gaɓa yana neman kwanciyar da za ta yi masa daɗi ya tsaya a kanta. Mai ɗaya larurar kuwa babu kwanciyar da take karɓarsa, tilas ce take sa shi tashi.

Sai kuma a kula kada a haɗa ta da ɗaurewar tsoka, wadda takan zo farat ɗaya da zafi mai tsanani, tsokar ta yi tauri kamar dutse, ko da zafin tafin ƙafa da mutuwar yatsu da masu ciwon sukari suke ji, wanda tafiya ba ta kawar da shi.

DALILIN DA YA SA SUKE TAFIYA TARE

Bincike ya nuna wannan larura ta fi yawa ƙwarai a cikin masu amosani mai kumburi. A Ingila, a shekarar 1986, an same ta ga kimanin kashi 30 cikin 100 na masu rumatoyid da aka duba. Wani binciken da aka buga a Kanada a shekarar 2009 ya same ta ga fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Watau ke nan idan masu wannan ciwo huɗu suka zauna a layin ganin likita, ba abin mamaki ba ne a ce ɗayansu ya kwana yana kai da kawowa a tsakar gida.

Babban abin da ya haɗa su shi ne sinadarin ƙarfe, wanda jiki yake samu daga abinci. Kowa ya san da shi ake yin jini, amma ƙwaƙwalwa ma tana bukatarsa domin sarrafa wani sinadari mai suna dofamin, wanda yake cikin masu daidaita motsin jiki. Idan ƙarfen ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwa, wannan tsari yakan rikice, ƙafafu su rasa natsuwa. Tun a shekarar 1953 wani likitan Suwidin mai suna Nordlander ya ba masu larurar wannan sinadari ta hanyar allura, da yawansu suka sami sauƙi.

Mai amosani kuwa yana rasa ƙarfen ta hanyoyi biyu. Ta farko daga kumburin kansa take. Sa'ad da kumburi ya daɗe a jiki, hanta takan yawaita fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda aka gano a wajen shekarar 2000. Aikinsa shi ne ya rage ƙarfen da hanji yake tsotsa daga abinci, ya kuma tsare wanda yake ajiye a jiki. Misalinsa kamar gidan da rumbu yake cike da hatsi, amma an kulle an tafi da mabuɗi, iyali suna kwana da yunwa.

Hanya ta biyu daga ƙwayoyin kashe zafi take, irin su asfirin da ibufurofen da daiklofenak, waɗanda ake saye a kantin magani da tasha da kasuwa ba tare da takardar likita ba. Idan an daɗe ana shan su sukan ƙuje tantanin ciki, jini ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan ba a gani, har ya kai ga gyambon ciki. Suna kuma iya raunana ƙoda. Mace mai zubar da jinin al'ada da yawa, ko wadda ta yi haihuwa kusa-kusa, ko mutumin da tsutsar ciki mai shan jini ta kama, dā ma ajiyarsa kaɗan ce, ballantana an ƙara masa da wannan.

Bugu da ƙari, akwai magungunan da suke tsananta larurar, kuma abin takaici su ne mutane suke nema idan barci ya ƙi. Cikinsu akwai magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, irin su Piriton da Phenergan, da wasu magungunan tsayar da amai, da wasu na ciwon damuwa kamar amitiriftilin, wanda akan bai wa masu ciwon jiki su sha da dare. Furednisolon, wanda ake rage kumburi da shi, shi ma yakan kori barci idan an sha shi da yamma.

ABIN DA RASHIN BARCI YAKE JAWOWA

Kada a ɗauki wannan al'amari da wasa don an ga ba ya kisa. Rashin barci yana ƙara wa jiki jin zafi. A shekarar 2012 an buga wani gwaji da aka yi a Amurka, inda aka hana masu rumatoyid kimanin rabin barcin dare ɗaya kurum, washegari suka tashi da ƙarin ciwon gaɓoɓi da gajiya da ɓacin rai, fiye da masu lafiya da aka yi wa irin wannan gwaji.

Daga nan sai abin ya zama zobe. Ƙafa ta hana barci, rashin barci ya ƙara zogin gaɓa, zogi ya sa a ƙara ƙwaya, ƙwaya ta ƙara zubar da jini, ƙarancin ƙarfe ya ƙara tayar da ƙafa. A ɗauki misalin mace mai sana'ar ɗinki wadda yatsunta suka kumbura. Idan ta shafe watanni ba ta samun barcin kirki, aikin da take yi a yini ɗaya sai ya ɗauke ta uku, fushi ya yi mata yawa, a gida a fara cewa halinta ya canja. Idan kuwa direban babbar mota ne, gyangyaɗinsa a kan hanya yana iya cin rayukan da ba su san hawa ba balle sauka. Likita ma, idan ba a gaya masa labarin ƙafar ba, yana iya zaton amosanin ne ya tsananta, ya ƙara magani mai ƙarfi ba tare da bukata ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Mataki na farko shi ne a faɗa wa likita da kalmomin da za su nuna masa hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cewa kawai ƙafa tana ciwo bai isa ba. Ya kamata marar lafiya ya ce, misali, "Likita, ban da ciwon gaɓoɓin, da na kwanta da dare sai in ji tilas in motsa ƙafafuna, in na tashi na taka sai ya lafa, in na koma ya dawo." Ya kuma zo da dukan magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, har da na kanti da na gargajiya. In da hali ya zo da mijinsa ko matarsa, domin shaidar shure-shuren dare.

Mataki na biyu shi ne awon jini. Awon yawan jini kaɗai bai wadatar ba, domin mutum yana iya kasancewa da isasshen jini amma ajiyar ƙarfensa ta yi ƙasa. Awon da yake nuna ajiyar shi ake kira feritin. Bisa shawarar da ƙungiyar masana wannan larura ta duniya ta bayar a shekarar 2018, idan feritin ya tsaya a 75 ko ƙasa da haka, ya dace a gwada maganin ƙarfe. Sai dai kumburi yakan ɗaga wannan lamba ko da jiki yana cikin ƙaranci, don haka ga mai amosani likita yakan haɗa da wani awon mai nuna ƙarfen da yake yawo a jini. Akan kuma duba ƙoda da sukari.

Maganin ƙarfe na sha yakan ɗauki kamar wata uku kafin a ga amfaninsa sosai. Idan kumburi ya hana hanji tsotsarsa, akan ba da shi ta jijiya a asibiti. Kada kowa ya saya ya sha ba tare da awo ba, domin yawansa yana cutar da hanta da zuciya, musamman ga masu amosanin jini waɗanda aka sha yi wa ƙarin jini. A kuma ajiye shi inda yara ba za su kai ba, gama yana iya halaka yaro. Maganin yakan sa bayan gida ya yi duhu, wannan ba kome. Amma wanda ba ya shan sa, ya ga bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, to alamar zubar jini ce a ciki, ya tafi asibiti a ranar.

Mataki na uku shi ne a kashe kumburin daga tushe. Ƙwayar kashe zafi ba ta hana gaɓa lalacewa. Akwai magungunan da suke danne cutar kanta, irin su metotireksat, wanda sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, kuma mai juna biyu ba ta shan sa. Likita ne yake rubuta su ya kuma riƙa bin su da awo.

Mataki na huɗu a gida yake. Abinci mai ƙarfe yana nan a kasuwannin ƙasar nan: hanta, da nama, da kifi, da wake, da gero, da zogale, da alayyafo. Lemo da gwaiba da tumatir suna taimaka wa hanji ya tsotse shi, shayi kuwa yana hana shi, saboda haka a bar tazarar sa'a ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi. Goro da kofi da shayi mai kauri da lemunan kwalba masu sa kuzari, a daina su daga azahar. Taba da barasa suna tsananta larurar. Tafiya ta daidai-wa-daida da rana, da miƙe tsokar sha-raɓa, da tausa, da gasa ƙafa da ruwan ɗumi kafin kwanciya, duk suna kawo sauƙi. A tsayar da lokaci ɗaya na kwanciya da na tashi.

Idan duk wannan bai isa ba, akwai magunguna na musamman. Waɗanda likitoci suke farawa da su su ne gabafentin da firegabalin. Magungunan da suke aiki irin na dofamin an daɗe ana amfani da su, amma an gano cewa bayan wani lokaci sukan sa larurar ta riƙa farawa tun da rana ta kuma kai ga hannuwa, shi ya sa a shekarar 2024 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar kada a mai da su maganin yau da kullum.

Wajibi ne a yi kashedi na musamman a kan tiramadol da kodin. Suna iya kwantar da ƙafa na ɗan lokaci, amma suna kama mutum, kuma ranar da aka rasa su ƙafar takan tashi fiye da dā. A watan Mayu na shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Firegabalin ma yana iya kama mutum idan an sha shi ba bisa ka'ida ba.

KIRA GA IYALI DA MA'AIKATAN LAFIYA

Mutumin da aka ga yana zagaya tsakar gida da tsakar dare ba raki yake yi ba, kuma hankalinsa bai taɓu ba. Wasu sukan danganta abin da iska ko sammu, a kashe dukiya mai yawa, alhali awon jini ɗaya yana iya bayyana dalili. Abin da yake bukata daga iyalinsa shi ne haƙuri da rakiya zuwa asibiti. Su kuma ma'aikatan lafiya, tun daga ƙananan asibitocin karkara har zuwa asibitocin koyarwa, ana roƙonsu su riƙa yi wa kowane mai amosani tambaya ɗaya wadda ba ta cin minti guda, watau ko ƙafafunsa suna barinsa ya yi barci.

A taƙaice, ga abubuwan da ya kamata kowa ya riƙe:

1. Ba kowane rashin barcin mai amosani ne daga gaɓa yake ba.
2. Ƙafar da take tashi da dare, ta lafa da taku, a kai labarinta ga likita.
3. A nemi awon ajiyar ƙarfe, kada a sha maganinsa da ka.
4. A daina sayen ƙwayar kashe zafi da ta sa barci ba tare da takardar likita ba.
5. A dage da maganin amosani yadda aka tsara, a kuma riƙa komawa asibiti a ranar da aka sa.

Wanda ya sami wannan bayani ya isar da shi ga maƙwabcinsa da bai iya karatu ba, domin rashin sani ya fi dare duhu.